Kafin ka jona tsohuwar kwamfutar nan da wuta

Wanda ya koyi kwamfuta a Sakkwato tsakanin ƙarshen shekarun 1990 da tsakiyar shekarun 2000 ba zai manta da akwatin nan mai launin madara ba, da monita mai ƙeya, da kibod mai ƙara kamar tafireta. A kansu aka koyi buga rubutu da Mavis Beacon, aka zana katin biki da CorelDraw, aka buga furojet na ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari shafi-shafi, ana biya. A kansu aka buɗe adireshin Yahoo na farko a kafe, ido ɗaya na kan saƙo, ɗaya na kan mintocin tikiti. Da yawansu suna nan har yau a sito na ofisoshi da makarantu, ko a bayan shagon da ya daina buga takardu ya koma POS. Yanzu da masu shekara arba'in da ɗoriya suka fara marmarinsu, sai ka ga an jawo ɗaya, an kaɗe ƙura da tsumma, an soka fulogi. A nan ne mafi yawansu ke mutuwa. Na'urar da ta yi shekara goma sha biyar a ajiye lafiya lau, daƙiƙa biyu na wuta sun isa su ƙone ta, har da abin da ke cikinta.

Da farko a san irin kayan da ake magana. Masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci a Turai da Amurka sun fi ɗokin Commodore 64 da ZX Spectrum, duka na 1982, ko Macintosh na 1984. Waɗannan ba su ne suka cika garinmu ba. Abin da ya zo mana zuriyar IBM PC ce ta 1981: masu furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) 386 da 486 a manyan ofisoshi, sannan ambaliyar na hannu, Compaq da Dell da HP masu Pentium II na 1997, Pentium III na 1999 da Pentium 4 na 2000, waɗanda aka riƙa ɗaukowa daga Ikeja. Bambancin yana da amfani, domin kowane zamani da cutarsa. Ta 386 da 486 batir ne. Ta Pentium III da 4 kafasita ce.

Aikin farko ba ya buƙatar wuta ko kaɗan. Kwance murfin, ka ɗauki hoton ciki da waya ta kowane gefe kafin ka taɓa komai, musamman inda kowace waya ta shiga da fuskar da jan layin faffaɗan kebul yake kallo. Sannan ka cire rumbun ajiya, wato had-dis, ka ajiye shi gefe. Allo, wato babban faifan lantarkin da komai ke jone a kansa, da fawa-fak, akwatin da ke raba wuta a ciki, ana iya samun madadinsu. Rubutun digirin wani, ko lissafin makaranta na shekara goma, ko littafin da malami ya bayar aka buga masa bai kai ga maɗaba'a ba, ba su da madadi. Idan fawa-fak ta yi ɓarna, layin bolt 12 ne ke bi ta cikin rumbun ya ƙone allonsa, don haka kada ya kasance a jone ranar gwajin farko.

Sai ƙura. Ƙurar hunturu ta Sakkwato laushi gare ta kamar gari, tana shiga ramin RAM (katin ajiyar wucin gadi) da cikin fanka, tana kwanciya a kan ƙarfen sanyaya furosesa har ta toshe shi. A bushe ba ta cika jawo gajeren haɗi ba, amma da damina ta sha laima sai ta fara ɗaukar lantarki. A fitar da akwatin waje, a yi amfani da buroshin fenti mai laushi da abin hura iska. Riƙe fanka da yatsa lokacin hurawa, don iska mai ƙarfi na juya ta fiye da ƙima ta lalata mata gindi. Kada a yi amfani da kwamfuresar mai faci, iskarta na zuwa da ruwa da mai. A leƙa cikin fawa-fak da tocila ta ramukan iska. Zanzaro na son gina ɗakinsa na laka a ciki, tsaka na yin ƙwai, ɓera kuma na cin waya ya bar fitsari mai cin tagulla. Kowanne cikin waɗannan ya isa ya tayar da hayaƙi.

Akwai haɗarin da hunturu ke ƙarawa wanda ba a gani. Tartsatsin nan da kake ji idan ka cire rigar sanyi ko ka taɓa ƙofar mota a watan Janairu dubban bolt ne, kuma wanda bai kai ka ji shi ba ma yana kashe RAM. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki kowane kati, ka riƙe shi ta gefe, kada ka yi aikin a kan kafet ko darduma ta roba. Tebur na katako da ƙafa a kan siminti sun wadatar.

Yanzu batir. A allon 386 da 486, kusa da inda kibod ke shiga, za ka ga wani ɗan batir mai siffar ganga, shuɗi ko kore, an liƙa shi da dalma. Na NiCd ne, bolt 3.6. Idan ya tsufa yana zubar da wani sinadari mai kaifi irin na toka, wanda ke bin siraran hanyoyin tagulla yana cinye su a hankali. Alamarsa farin gishiri a ƙafafun batirin da kore-kore a kewaye. Kada ka tsaya gwada shi, datse ƙafafunsa da fulaya ka fitar. Tunda abin da ya zubo ba asid ba ne, kishiyarsa ne, maganinsa ruwan khal fari. A ɗiga a wurin, a goga da tsohon buroshin haƙori, a bari kumfar ta lafa, a ɗauraye da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota (ruwan zalla, ba mai asid ba), a bi da sifirit, a shanya a inuwa kwana ɗaya cur. Bayan nan a sa mitar gwajin lantarki a wurin da take ƙara idan waya ta haɗu, a bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yanke sai a yi mata gada da siririyar waya. Galibi hanyoyin kibod ne ke fara tafiya saboda su ne maƙwabtan batirin, shi ya sa irin waɗannan allunan kan tashi su tsaya suna kukan ba su ga kibod ba.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne liƙa batirin CR2032, mai siffar kwabo, kai tsaye a gurbin tsohon. Allon an gina shi ne ya riƙa cajin batirin, shi kuwa CR2032 ba a cajinsa, yana iya kumbura ko fashewa. Ko dai a sa diyod a tsakani don wuta ta bi hanya ɗaya, ko a nemi 'yan ƙafafu huɗu da yawancin allunan ke da su don batirin waje, a jona batir AA uku a cikin gidansu, a manna gidan nesa da allo. Wasu allunan kuma ba za ka ga batir ba sam, sai wani baƙin tubali mai rubutun Dallas DS1287 ko DS12887. Batirin na cikinsa a binne. Idan ya ƙare na'urar ba ta riƙe saiti, sai an sauya tubalin ko an fafe gefensa an jona batir daga waje. Daga zamanin Pentium zuwa sama abin ya yi sauƙi: galibi CR2032 ne a gurbinsa, bolt 3, ana samunsa wurin masu gyaran agogo.

Kafasita ita ce inda zafin Sakkwato ya fi yin aiki, kuma ya kamata a fahimci dalili. Waɗannan 'yan gwangwanayen da ke tsaye kewaye da furosesa akwai ruwan sinadari a cikinsu, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba tsawon ransu biyu. Wadda aka rubuta wa awa 2,000 a digiri 105 za ta yi wajen awa 32,000 idan tana aiki a digiri 65, amma a digiri 75 sai 16,000. To, kwamfutar da aka ƙera don ofis mai sanyin digiri 25, aka kawo ta shagon kwano a watan Afrilu inda zafin inuwa ke haura 40, ta riga ta yi asarar kusan kashi biyu cikin uku na kwanakinta. Ƙari a kan haka, tsakanin 1999 da wajen 2007 an cika kasuwar duniya da kafasitoci masu gurɓataccen sinadari, waɗanda ke tara iska a ciki su kumbura. Zamanin ya yi daidai da na Pentium III da 4, wato ainihin kayan da suka fi yawa a hannunmu.

Lafiyayyar kafasita kanta a shafe yake. Wadda ta yi tozo, ko ta tsage, ko ta fitar da ƙasa-ƙasan abu a sama ko a gindi, ta gama. Wata kuma ta bushe ba tare da ta nuna ba, sai dai ka ga na'ura na tashi bayan an danna sau biyar, ko tana sake kunna kanta da rana tsaka. Idan ɗaya ta kumbura a jere, a sauya jeren duka. Lambar maikurofarad, wato ma'aunin girman kafasita, ta zama daidai da ta tsohuwar, galibi 1000, 1500, 2200 ko 3300. Bolt ɗin ya zama daidai ko sama, 10 a gurbin 6.3 babu laifi, ƙasa kuwa haram. A nemi mai digiri 105 kuma mai alamar ƙaramin ESR ("Low ESR", wato mai ƙarancin tauye wuta a cikinta). Ta gyaran rediyo mai digiri 85 za ta tayar da na'urar yau, ta mutu kafin bazara ta zagayo. Farin layin da ke jikinta shi ne ke nuna ƙafar ragi, wato mai alamar (−), kuma a nan hoton da ka ɗauka zai yi rana, domin ba duk kamfanoni ke zana alamar a allo iri ɗaya ba. Wadda aka juya tana fashewa. Ƙarfen liƙi ya kai wat 60, saboda allon hawa-hawa ne, tagullar ciki na shanye zafi. Mai ƙaramin ƙarfe yakan gaji ya fizgo ƙafar da ƙarfi, sai ta fito da zoben tagullar ramin, allon ya tashi aiki. Duk mai gyaran talabijin da ya ƙware zai yi wannan aikin idan ka kai masa kayan da suka dace.

Fawa-fak ita kaɗai ake fara gwadawa, ba a jone da allo ba. Kafin komai dubi bayanta. Da yawa suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce, kayan da suka fito daga Amurka kuma a 115 suke zuwa, yara ma kan tura shi da wasa. A 115 aka jona, ƙara ɗaya za ka ji. Idan ATX ce, mai fulogi ɗaya mai ramuka 20, jona mata wani mataccen rumbu ko ƙwan mota na bolt 12 don ta sami abin ɗauka, sannan ka haɗa koriyar waya da kowace baƙa da kilif na takarda. Fanka ta juya, sai mita. Jar waya ta ba da bolt tsakanin 4.75 da 5.25. Rawaya tsakanin 11.4 da 12.6. Ruwan lemo kusan 3.3. Abin da ya fita daga nan, ko yake rawa, kada ya kusanci allo. Idan ta tashi da farin hayaƙi mai wari amma ta ci gaba da aiki, yawanci wata kafasitar tace wuta ce mai suna RIFA ta tsage, ana sauya ta. Sai dai cikin fawa-fak ba wurin koyo ba ne, manyan kafasitocinta na riƙe sama da bolt 300 bayan an zare fulogi.

Sauya ta da sabuwa ma yana da tarko uku. Tsofaffin allunan AT, na kafin ATX, fulogi biyu ne, P8 da P9, masu kama da juna, kuma dokar ita ce baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya. Wanda ya juya su ya ƙone allo. Na biyu, wasu kwamfutocin Dell na tsakanin 1996 da 2000 suna da fulogi mai siffar ATX sak amma jerin wayoyinsa daban, don haka a gwada launukan da na asali kafin a soka. Na uku, Pentium III da na gabansa daga layin bolt 5 suke shan yawancin wutarsu, sababbin fawa-fak kuwa ƙarfinsu na kan 12. Karanta takardar gefe, ka nemi wadda ke ba da amfiya 20 ko fiye a layin 5.

Gwajin farko a yi shi da abu mafi ƙaranci: allo, furosesa da fankarta, RAM ɗaya, katin hoto, da 'yar lasifikar ciki. A goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, wanda zafi ya mayar kamar alli, a sa sabo gwargwadon ƙwayar gero biyu. A goge haƙoran zinaren RAM da kilinar fensir. Ƙara ɗaya gajera albishir ce. Doguwa ɗaya da gajeru biyu a BIOS (manhajar da ke cikin allo mai tayar da na'ura) na kamfanin Award na nufin matsalar katin hoto. Dogayen ƙara masu maimaituwa galibi RAM ne, a cire a sake dannawa har maƙallan su rufe da kansu. Fanka ta motsa ta tsaya nan take, akwai gajeren haɗi, a kashe. Kada a soka ko a zare kibod mai zagayen baki na PS/2 alhali na'ura na kunne, yana ƙone fis ɗin da ke allon.

Mu koma ga rumbun da aka ajiye, wanda a ganina shi ne dalilin dukan wahalar. Wanda ya haura gigabait ɗaya yakan karantu ta adaftar IDE (mahaɗin tsofaffin rumbuna) zuwa USB a kan kwamfutar zamani. A duba 'yar hular robar da ke bayansa, a sa ta a matsayin na farko kamar yadda zanen jikinsa ya nuna. Ƙanana na megabait 40 zuwa 500 sau da yawa adaftar ba ta gane su, sai an jona su a allo mai IDE na gaske, an shiga BIOS an rubuta lambobin silinda da kai da sashe da ke kan takardar rumbun. Idan ya tashi, kada ka tsaya kallon hotuna. Kwafe shi gaba ɗaya a zama ɗaya, kuma manhajar ddrescue ta Linux ta fi dacewa, don tana fara kwashe wuraren da ke da lafiya kafin ta koma kan masu ciwo. Tsohon rumbu kan ba da dama ɗaya tak. Idan kana jin ƙwas-ƙwas a jere, kashe shi. Kada a buɗe shi, kada a sa shi a firji, kada a buga shi. Idan Windows ta ce a yi masa fomat, amsar a'a ce.

Don amfanin yau da kullum, a bar tsohon rumbun ya huta, a sa katin ajiya na CF da adaftarsa ta IDE, ba ya zafi ba ya ƙara. A lura da iyakar da BIOS ke gani: na farkon 1990 sukan tsaya a megabait 528, na bayansu a gigabait 8.4, wasu 32, wasu 137. Tsohuwar manhajar DOS kuma ba ta wuce gigabait 2 a kashi ɗaya na rumbu. Windows 98 na rikicewa idan RAM ya haura megabait 512.

Disket ƙanana masu megabait 1.44 ana karanta su da direbar USB. A nan bushewar garinmu ta yi mana rana, domin fumfunar da ke cinye su a Legas ba ta cika samunsu a nan ba, sai dai wanda aka bari a mota ko kusa da lasifika yakan lalace. Tura ɗan makullin kusurwa har ramin ya buɗe, don kada a rubuta komai a kai. Ja murfin ƙarfen ka juya faifan ka duba. Mai tabo zai ɓata kan direbar, ita kuma ta karce duk wanda ya biyo baya, don haka a goge kan da auduga da sifirit tsakanin faifai masu shakka. Sony ta daina ƙera su tun 2011, abin da ya rage shi ke nan. Idan direbar cikin akwati ce fitilarta ta ƙi mutuwa, kebul ɗin aka juya.

Akwai matsalar da ta shafe mu mu kaɗai. Kafin Unicode, tsarin haruffa na bai ɗaya a kwamfuta, ya zama ruwan dare, masu buga Hausa suna samun ɓ da ɗ da ƙ ne ta fon, wato salon haruffa, na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar a shekarun 1990. Irin waɗannan fon suna aron gurbin wasu alamomi ne su zana harafi mai lanƙwasa a wurin. Ka buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da fon ɗin, sai ka ga baƙin alamomi a tsakiyar kalmomi, mutum ya ɗauka rubutun ya lalace ya goge. Bai lalace ba. Lokacin kwafe rumbu a haɗa da jakar Fonts da ke cikin jakar Windows. Sannan a gano alamar da ke tsaye a madadin kowane harafi, babba da ƙarami, a yi nema-da-sauyawa sau ɗaya ga kowanne, a adana sabon kwafi. Fayilolin WordPerfect da tsohon Word kuwa LibreOffice na buɗe su. A bi duk abin da aka kwaso da manhajar kashe bairos, don kwamfutocin shagunan buga takardu sun sha filashin gari duka. Ita kanta tsohuwar na'urar kada a haɗa ta da intanet, Microsoft ta daina toshe ɓarakar Windows XP tun Afrilun 2014.

Monita mai ƙeya tana aiki da kusan bolt 25,000 a ciki, kuma tana riƙe caji bayan an kashe. Goge ta daga waje, gyaranta na mai gyaran talabijin ne. Duk monitar zamani mai ramin VGA, shuɗin nan mai ƙafa 15, za ta yi aiki da kusan kowace kwamfuta daga 386 zuwa sama.

Na'urar da ta tashi tana son sitabilaiza da UPS, ko inbata mai tsabtar wuta. Ƙaramin janareta da ke hawa da sauka duk lokacin da firji ya tashi ba abokin tafiyarta ba ne, kuma idan an dawo da wuta a jira minti biyu zuwa uku ta daidaita. Daga Maris zuwa Mayu a kunna ta da safe ko da dare. A ɗora ta a kan tebur, kada bayanta ya manne da bango, a rufe ta da zane in an gama, ba leda ba. Wadda za a mayar sito a cire mata batir tukuna, a riƙa kunna ta na awa ɗaya duk bayan wata uku ko huɗu don kafasitocin su riƙa ganin wuta. Wadda ta ƙi tashi kuma, kafin a miƙa wa 'yan gwangwan su auna a kilo, a cire RAM da furosesa da katin sauti da direbar disket da kebul-kebul, domin su ne kayan gyaran ta gaba, kuma ba a ƙera su yanzu. Rumbun kuwa kada ya bi su ko da an kwafe shi, sunayen mutane da takardunsu na ciki.